Ƙofa Biyu a Tashar Tambuwal

Tambuwal, 4 ga Maris, 1962

Zuwa ga Kawu Ɗangiwa a Kebbe,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Hauwa'u da Gwaggo Ni'imatu. Yaya ƙafa?

Bayan haka, albishirinka. An ba ni zanen sabuwar tashar Tambuwal, aikina na farko tun dawowata daga koyon zane a Kaduna. Bene ne, ƙasa ofisoshi da ɗakunan ajiyar gyaɗa da auduga, sama ɗakin jiran fasinja. Gabansa fili mai cin manyan motoci talatin, da ƙofa ɗaya mai kyan gaske a bakin hanyar Sakkwato. Ga kwafin zanen na sa a ciki. Ka yi shekaru kana tuƙi, ka duba ka sa mini albarka. Ƙarshen wata zan kai shi gaban majalisa.

Ɗanka, Maccido

Kebbe, 11 ga Maris

Zuwa ga ɗana Maccido,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutu, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Mun gode Allah da anka ba ka aikin ga. Uwarka har da guɗa. Zane kuwa na shimfiɗa shi bisa tabarma, na ɗauko akwatin ashana na mai da shi mota, na shiga ta ƙofarka. Na shiga lafiya, amma hita ta gagara sai da baya. Maccido, mota talatin, kowace sai ta ja da baya cikin mutane da jakkai? Wanga ba tasha ba ce, tarko ne. Kuma tsoho da mai ciki, da mi za su hau benenka?

Albarka tana nan. Amma ban sa ma takardar ga ba tukuna.

Kawunka, Ɗangiwa

Tambuwal, 17 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa da ladabi. Na ga takardarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta yi mini zafi. Na auna filin nan ƙafa da ƙafa bisa ƙa'idar da aka koya mana. Babban injiniya ya gani, ya ce madalla. Ƙofa ta biyu za ta cinye rumfuna shida, 'yan kasuwa ba za su yarda ba, ni kuma a ce yaron bai san abin da yake yi ba. Direban kirki ai ya iya baya, kai da kanka ka sha faɗa.

A gai da su Inna.

Maccido

Kebbe, 22 ga Maris

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Na sha faɗa, gaskiya ne. Yanzu ji abin da ban taɓa faɗa ba. Sai da na roƙi uwarka kwana fuɗu kafin ta yarda in rubuta.

An ce maka mota ce ta faɗi da ni bisa hanya. Ba haka anka yi ba. Cikin tasha ne, ranar kasuwa, a wani gari can kudu, tasha mai ƙofa guda. Wani direba shina son hita da lodin gyaɗa, na sauko daga tawa motar ina yi mashi jagora. Ina cewa taho, taho, sai wata yarinya mai tallan fura ta gilma. Na ture ta, taya ta samu ƙafata.

Direban nan Namadi ne, ubanka. Duk hanyar ga babu wanda ya kai shi iya baya. Ba laihinai ba ne, na faɗa mashi har na gaji. Bai sake riƙa sitiyari ba, ya koma gona, shekara biyu Allah ya yi mashi cikawa, kana goye. Ni na rasa ƙafa, shi abin da ya rasa ya hi nawa.

Ban riƙe ka don a biya ni ba, kuma ba don ka ji kunya nika faɗin wanga ba. Abin da nika so, kada wani direba ya kwana da abin da ubanka ya kwana da shi. Rumfa shida ba su kai ƙafa guda ba.

Haza wasalam.

Ɗangiwa

Tambuwal, 2 ga Afrilu

Kawu, Allah ya ƙara maka girma,

Na karanta takardarka sau uku, na kasa cin abinci. Ban san da wane baki zan yi maka godiya ba, kai da ka goya ni a kafaɗa kana dogara sanda, ba ka taɓa nuna mini komai a fuska ba.

Washegari na je tsohuwar tasha na wuni. Na ƙirga motoci goma sha ɗaya da suka ja da baya, sau biyu mutane suka watse da ihu. Na yaga zanen na sake. Yanzu a shiga ta arewa a fita ta kudu, motoci su tsaya a karkace, kowace hancinta na duban mafita. Masu tafiya a ƙafa da jakuna hanyarsu daban, bayan katanga. Ɗakin jira na sauko da shi ƙasa, babu matakala ko ɗaya, sai gangare mai sauƙi, ofisoshi suka koma sama.

A majalisa an yi ta ja. Wakilin 'yan kasuwa ya miƙe ya ce, “Yaro, rumfunanmu za ka ba iska?” Na ce, “Ranka ya daɗe, a tambayi direbobi.” Aka kira shugabansu, Malam Tambaya. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, “Wanda ya zana wannan ya taɓa tuƙi.” Na ce ban taɓa ba, amma kawuna ya yi. An amince, an mai da rumfunan gefen gabas.

Ka gaya wa Inna ina tafe ranar Jumma'a. Ina so ta ba ni labarin Baba, duka.

Ɗanka mai godiya, Maccido

Kebbe, 9 ga Fabrairu, 1963

Ɗana Maccido,

Bayan gaisuwa. Kada ka yi hushi, na zo Tambuwal ranar kasuwa ban gaya maka ba. So nika in gani da idona ba da rakiya ba. Na shiga ɗakin jira da sandata, babu wanda ya kama ni. Na zauna tun hantsi har la'asar ina kallon motoci. Wani yaron mota ya tambaye ni, “Baba, ina za ka?” Na ce, “Babu, nan na zo.”

Allah shi yi maka albarka, shi jiƙan Namadi. Uwarka ta ce ita ma ka zo ka kai ta ta gani.

Kawunka, Ɗangiwa