Takobin da Na Ara wa Ɗanka

Ayuba, abokina,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ma ko kana raye cewa kake rubutuna ya fi na likita wuyar ganewa. Amma labarin ya fi ƙarfin cikina, kuma ba wanda zai ji daɗinsa kamarka.

Gida lafiya. Matarka, Maman Iliya, ta warke daga ciwon ƙafa, har kasuwar kifi take zuwa da kanta. Ruwa bana bai yi mana ɓarna ba.

Ka tuna gardamarmu a ƙofar gidanka? Kai Kirista, ni Musulmi, amma kullum ni ke koya maka littafinka. Kai ka ce an umarce ku in an mare ku a kunci ɗaya ku juya ɗayan. Ni in ce to yaƙe-yaƙen da ke farkon littafin fa, da wurin da aka ce marar takobi ya sayar da rigarsa ya saya? Sai ka sauke tabarau ka dube ni irin kallon da kake wa majinyatanka masu ƙin shan magani.

To, makon jiya shanu suka shiga shinkafar ɗanka Iliya a fadama, saura kwanaki a yanka. Sun yi ɓarna sosai. Da hantsi na same shi a zaurenka da abokansa, kowa da gora, wani ma da adda, za su rugar Jauro Sambo, shugaban Fulanin da ke da shanun. Iliya fa yanzu mai 'ya'ya uku ne. In suka tafi, wa ya san wanda zai dawo da ƙafarsa?

Na tuna masa maganar kunci. Ka san abin da ya mayar mini? Maganar riga da takobi. Da irin muryata, Ayuba, har da yadda nake ɗaga yatsa. Ashe duk shekarun nan yana jin mu, kuma ɓangarena ya haddace.

Sai na ja kujerarka na zauna, na zama kai. Na ba su amsar da kake ba ni: cewa a labarinku, almajirin da ya zare takobi don ya kare Almasihu kunne ɗaya kawai ya sara, aka ce ya mayar da takobin kube, aka kuma mayar wa mai kunne kunnensa. Na ja labarin yadda kakata take jan tatsuniya. Na yi muryar mai kunnen yana laluben abinsa a ƙasa, har mai addar ya fashe da dariya. Daga nan na ga riƙon gorar kowa ya saki.

Na roƙe su su ba ni zuwa la'asar, na hau bayan babur sai ruga. Ka san wasan da ke tsakanin mu Barebari da Fulani. Tun daga nesa na aika a ce wa bawana ya fito, ubangidansa ya iso. Jauro ya fito yana tambaya tun yaushe bayinsa suka fara hawa babur. Muka tsokani juna son ranmu, na sha nono, sannan muka yi maganar. Bai musa ba. Ya ce zai ba Iliya maraƙi, bayan girbi kuma garkensa zai zauna a gonar har ta ƙoshi da taki.

Iliya ya yi ta ƙunƙuni, amma ya karɓa. Jiya Jauro ya kawo maraƙin da kansa, suka ci tuwo kwano ɗaya a zaurenka.

Kada ka ɗauka na ce babu yaƙi a littafinku. Akwai, kai ma ka sani, kuma har ka tafi ba ka gama yi mini bayaninsa ba. Amma ran da ɗanka ya ɗauki gora, ban ga abin da zan riƙe shi da shi ba sai naka ɓangaren.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka ci gardamar nan tun shekarar farko. Na ƙi yarda ne don kada ka naɗe tabarma ka shiga gida.

Ka huta lafiya, malamin asibiti.

Naka,
Bukar, wanda ya sha kaye yana murna