Muryarki tana wayar Inna Hajjo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahama.

Wata safiya cikin watan nan na shiga kasuwar Bodinga, na iske Sani mai tura finafinai zaune gaban kwamfutarsa ya dafe kai. Ma'ajiyar cikinta ta mutu. In ya kunna sai ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru. Kin san duk wanda wayarsa ta cika, wurin Sani yake juye hotunansa, a share, a zuba mai sabon fim. Bukukuwan rabin unguwarmu suna cikin akwatin nan. Ke ma kina ciki. Tawa wayar kuwa tun bara ta faɗa rijiyar lambu.

Bidiyon nan nake nufi, wanda kike tsintar albasa a tsakar gida, kina dariya kina cewa, "Bello, kau da abin nan daga huskata, ko ɗankwali ban ɗaura ba!" Shi kaɗai ke gare mu mai muryarki.

Ban yi wa Sani faɗa ba, hotunan aurensa ma sun tafi. Na dawo gida na kasa gaya wa Baba.

Ina zaune sai halinki ya faɗo mini. Ba ki taɓa sauke tukunya ba sai kin ce, "A kai ma Hajjo nata." Ko daddawa kinka yi, sai mai mashin ya kai wa ƙanwarki rabonta Shagari. Ranar da na nuna miki bidiyon ma haka kinka ce, munka yi ta dariya, wai hoto ya zama tuwo. Amma da ta zo, ba ki bar ni ba sai da na tura mata.

Na hau mashin na tafi. Wayar Inna Hajjo ta tsufa, da roba anka ɗaure murfinta. Ba ta taɓa bari a share mata komai ba, don ba ta kallon fim. Kina nan, Inna, tsakanin wa'azi da hoton akuyarta.

Yanzu na raba ki yadda kike raba abinci. Memorin waya guda mai bidiyon yana cikin kwallarki, naɗe da leda. Guda yana Shagari, guda Kajiji wurin Kawu. Ƙanwata Zainabu ta ɗora wani a intanet, ta ce can ko waya ta mutu yana nan. Duk sallah zan kunna su in ga wanda ya gaji, in sake shi.

Allah Ya kai haske kabarinki, Ya ciyar da ke yadda kinka ciyar da mu.

Jiya munka kunna a tsakar gida. Da kinka ce "Bello", na amsa ban sani ba. Ba wanda ya yi mini dariya. Zainabu tana wurin, da Inna Hajjo, da Baba, wanda ya ce a maimaita.

Ɗanki,
Bello