Man Shanu a Ƙarƙashin Rawani

Zuwa ga mahaifina, marigayi tsohon maigarin ƙauyenmu na yamma da Gangara. Gaisuwa irin ta ɗa da uba, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Baba, ka bar mini wasiyya ɗaya kafin ka cika: in dawo da rawaninka gidanmu ko ta halin ƙaƙa. Yau zan ba ka amsa, amma sai ka fara saurarona, tunda da ranka ba ka taɓa yi ba.

Ka tuna maginin nan Kirista, ɗan Dahome, da kumandan na Tanut ya turo ya ɗaure mana rijiya da siminti bayan yaƙin Jamus? Da tsakar rana yakan zauna a inuwar aduwa yana ba mu labarin sarakunan littafinsu. Ya ce Allah ya yi wa Dawuda alkawari cewa sarauta ba za ta bar gidansa ba, in ɗansa ya yi laifi a hore shi da sanda, amma ba za a ƙwace gadon ba. Ya ce Dawuda ya ƙi taɓa sarkin da ke farautar ransa, don an tsiyaya wa wancan mai a ka da sunan Allah.

Nan ka tsaya da ji. Ka yi lissafinka kai kaɗai: Nasara ne suka naɗa ka, littafin Nasara ya hana tuɓe wanda aka zuba wa mai, to me ya rage? Ka tara gari, ka sa wanzami ya kwarara maka ƙwaryar man shanu a ka, aka mayar da rawani a bisa. Da rana ta take, mai na bin gemunka, ƙudaje na binka har masallaci. Ba wanda ya yi dariya, Baba. Tsoronka ya fi warin ƙarfi.

Daga ranar ka zama wani mutum. Gardi, dogarin kumandan, ya nemi gero, ka buɗe masa rumbunan mutane har da iri. Tanko maƙeri ya ce a bar wa gari abin shuka, ka sa aka ɗaure shi a rana har leɓensa ya tsage. Kullum maganarka ɗaya: “Sanda ce iyakarta, rawani ba ya tashi.”

Yayana Habu ya goyi bayan Tanko a gaban jama'a. Da aka zo ɗibar mutanen aikin dole na hanyar Agadas, da bakinka ka fara kiran sunan ɗanka, don gari ya ga ba ka da na ragawa. Habu mai tari ne, ka sani. Rigarsa kaɗai aka kawo wa Inna. Ka dube ta, ka ce a yi maka sirdi za ka kewaya gona.

Maginin ya zo ya durƙusa, ya ce rabin zancen ka ɗauka. A wurinsu, ya ce, alkawarin ya cika ne a kan Isa Almasihu, jikan Dawuda, sarkin da aka yi wa rawani da ƙaya, wanda ya ba da ransa saboda mutanensa. Mu ba haka muka karanta ba, kuma har yau ina kan abin da liman ya koya mana. Amma ko a bakin baƙo an gaya maka sarki makiyayi ne. Ka sa aka kore shi daga inuwar.

Kafin damina gari ya watse, wasu Tarka, wasu kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Kumandan ya zo ya tarar da kai kana mulkin kangaye. Ko sauka daga doki bai yi ba. Gardi ya warware rawanin da bakin bulala yana toshe hanci, kai kuwa kana ta cewa a kira magini ya gaya musu abin da littafinsu ya ce.

Ban manta ba, Baba, kai ne ka koya mini jan guga ba tare da igiya ta ci mini tafi ba. Kai ne kake ɗora ni a wuya in tsinko magarya. Wannan mutumin nake kewa, kuma ya riga ka mutuwa da daɗewa.

Bana mutane sun fara dawowa. Sabon kumandan ya kira ni Tanut, ya ce gari na bukatar maigari, ni ne ɗan gida. Na ce na gode, a naɗa Tanko maƙeri. An naɗa shi ranar Alhamis, ina cikin masu riƙe masa bakin rawanin. Sarauta ta bar gidanka, kuma da bakin ɗanka ta fita.

Allah ya jiƙan Habu, ya haskaka kabarinsa duk inda yake a bakin hanyar nan. Allah ya ba Inna haƙuri. Kai kuma, Allah ya yi maka rahamar da ka hana ɗanka.

Ni ne wanda ya rage maka,
Ilu