Daƙiƙa Huɗu na Muryar Baba

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da keken ɗinki.

Don Allah kada kowa ya taɓa tsohuwar kwamfutata da ke saman kabad ɗin Baba. Bari in yi miki bayani, ko da yake na san za ki ce surutun makaɗa ne.

Manhajar da nake haɗa kiɗa da ita wasu ƙananan akwatuna ne a kan allo, ina jona su da wayoyin zane. Wannan ya fitar da sauti, wancan ya tace shi, na gaba ya ba shi amo. Akwai wanda ake kira samfila: ki ba shi muryar da kika naɗa, ya shimfiɗa ta a kan maɓallan fiyano. Shi na ba waƙar nan da Baba yake yi baki a rufe in yana gyaran agogo. Daƙiƙa huɗu na yanko daga abin da na naɗa lokacin jinyarsa. Shekara uku ke nan duk kiɗan da na yi da Baba a ciki.

Yau na buɗe aikin a sabuwar kwamfuta, na danna maɓalli, shiru. Ashe akwatin ba ya haɗiye murya, adireshin inda take kawai yake riƙewa. Ni kuwa adireshin na kwaso, na baro muryar a gida. Ba ni da ita a ko'ina.

Ki amsa mini yau.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, tunda ka tuna ka tambaya.

Wata bakwai ban ga wasiƙarka ba, sai da akwati ya yi shiru. To, kwamfuta ba ta saman kabad. Shekaranjiya na kai ta wurin mai gyara ya wanke ta tas, ya goge duk abin da ke ciki, babbar 'yata za ta fara karatu da ita. Sau biyu na tambaye ka ko akwai abin da kake so a ciki, ka ce “ba komai, na kwashe.” Ga saƙon nan a wayata.

Na bar rigar mutane a kan keke na tafi shagonsa. A rufe. Maƙwabcinsa mai walda ya ce ya tafi sarin kaya, sai Litinin, kuma ya gan shi yana ta wanke kwamfutoci kafin ya tafi. Ko tamu na ciki, bai sani ba. Wayarsa a kashe.

Kai da ka iya jona akwati ashirin da waya, ka kasa ajiye mahaifinka a wuri biyu?

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Duk abin da kika faɗa haka ne, ban da bakin musu.

Na gwada ceto muryar daga kiɗan da na riga na fitar. Ba ta cetu ba. Tun wurin haɗa kiɗan na tace ta, na ja ta, na lulluɓe ta da ganga, har ni kaina ba na gane Baba a ciki. Da hannuna na yi.

In mai gyara ya dawo, kada ki bari ya ɗora komai sabo a kanta, ko da ya riga ya goge. Wani lokacin abin da aka goge yana nan kwance, sai an rubuta wani a kansa yake tafiya. A cikin kwamfutar ki nemi jakar da na sa wa suna “tarkace 2”, fayil ɗin kuma “gwaji”. Na sani. Kada ki ce komai a kan sunan.

Ina jin tsoro, Yaya. Na fara manta yadda yake jan ƙarshen waƙar.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Tun kafin mai gyara ya iso ina tsaye a ƙofar shagon. Kwamfutoci shida ya karɓa, ya wanke biyar. Tamu ta ƙi kunnuwa saboda na manta ban kai masa cajarta ba. Mantuwata ce ta cece ka, ba wayonka ba.

Na sami “gwaji”. Ba daƙiƙa huɗu ba ne, arba'in da ɗaya ne. Na saurara a nan shagon, har mai gyara ya miƙo mini kujera.

Ka taɓa jin sa duka kuwa? Da farko ana jin ƙarar bokiti, ni ce, zan canza wa Baba zanin gado. Sai ya yi 'yar waƙar tasa, wadda ka yanka. Sannan ya ce, da harshen nan nasa da ciwo ya karkatar: “Auta, ajiye abin nan. Yayarka tun safe ba ta zauna ba. Kama mata.” Sai muryarka: “To Baba, bari in gama.”

Wata goma sha ɗaya na yi ina juya shi ni kaɗai, ban taɓa sanin ya lura ba. Kai kuma kana da shaidar a “tarkace” shekara uku. Na ji haushinka ƙwarai, har na yi tunanin in riƙe. Amma ubanmu ne mu biyu.

Ga shi na turo. Na ajiye a wayata, da ta maigidan, da ta mai gyara ma. Ka saurara daga farko, ba daga inda ka yanka ba.

Allah ya jiƙan Baba.

Yayarka

*

Yaya,

Amin. Na saurara.

Na cire duk wayoyin, na ɗora fayil ɗin ɗungurungum a maɓalli ɗaya. In na ɗaga yatsa yana yin shiru, don haka sai na riƙe har Baba ya gama maganarsa.

Ina tafe ranar Asabar. Ki zauna.

Ƙanenki,
Auta