A Sa Sunan Baba a Ƙarshe

Kura, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Mudassiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Amurka? Allah ya tsare mana kai, ya ba ka abin da ka je nema. Iya tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Binta ta haihu, an samu mace. An fara dashen shinkafa, tumatir kuwa bana har a bakin titi ake zubar da shi.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya kuka ba zai bar ni ba. Mudassiru, sati uku ke nan muna ɓoye maka magana. Duk kiran da ka yi muka ce Baba yana gona ko yana masallaci, a kwance yake. Ya faɗi ne da safe a bakin ƙofar ruwa, inda ake sako wa gonaki ruwa, Abel maƙwabcinsa na gona ya ɗauko shi a keke. Likitoci a Kano sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yana ci, yana gane mutane, amma bakinsa ya mutu, ko sunan Iya ba ya iya kira. Iya ce ta ce kada a tayar maka da hankali kana jarrabawa, ni kuma na biye mata. Ka yafe mana.

Abin da ya hana ni ci gaba da shiru shi ne taronku na shugabannin ɗalibai baƙar fata, wanda ya rage kwana ashirin. Na ga takardar da ka turo, sunan Baba, Malam Sada na Kura, a saman jerin baƙi masu jawabi, sama da farfesoshi, har da lokacin da za a haɗa shi ta bidiyo kana fassarawa. Kai da son burga! Ranar da ya gani ya yi ta dariya, ya ce shi da ko firamare bai gama ba me zai koya wa 'yan jami'a. Amma ya kai babbar rigarsa guga, kullum bayan la'asar ya zaunar da ni da Iya ya yi mana jawabin, Iya tana gyara masa kamar ta san Amurka.

Kusan duk na haddace. Cewa yake shekara goma sha bakwai yana shugabancin manoman kanal ɗinmu, wato magudanar ruwan noman rani, gonarsa ce ta farko kusa da ƙofar ruwa, amma bai taɓa ba ta ruwa ba sai na can ƙarshe sun sha, domin su ne ruwa ba ya isa wurinsu. Ya ce shekara biyu albasarsa ta ƙone saboda haka, amma ba a taɓa zare lauje a kan ruwa ba a zamaninsa. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai a takardar: ya ce in gaya maka ba ya shiga gaba, a bar sauran baƙi su fara. Na ce zan faɗa, na yi ta jinkiri, har wannan ta faru. Abin yana ci mini rai.

Roƙona shi ne kada ka goge sunansa. Ka mayar da shi ƙarshen jeri, in lokacinsa ya yi ka miƙe ka faɗi maganarsa da bakinka. Na san muryarka za ta yi rawa, to ta yi.

Iya, Binta, Kawu Nasiru da Abel duk suna gaishe ka. Baba ma haka. Na karanta masa wasiƙar nan, da na zo inda na ce a mayar da shi ƙarshe, sai ya kama hannuna da hagunsa, ya gyaɗa kai sau biyu.

Yayarka,
Khaulat Sada