Tsarabar da Ta Yi Ƙara a Gaban Makaranta

Zuwa ga yayana Sjoerd,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Lorraine da yara, kuma zafin Texas bai gasa ku da yawa ba. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan kalau muke. Mama tana ta fama da gwiwa, amma har yanzu ba ta yarda a raba ta da kekenta ba. Ruwa ya yi yawa bana, dankalin maigidana Douwe rabi ya ruɓe a ƙasa.

Yaya, maganar tsarabar da ka kawo wa Douwe ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya ba zan iya ba. Ina nufin 'yar na'urar nan ta mota mai ƙara idan 'yan sanda na auna gudu a gaba. Ka ce a wajenku kowa na da ita. Na gaya muku a nan doka ta hana, kuka yi mini dariya, Douwe ya ce ni dama tun ina yarinya limamiya ce. Ya maƙala ta a bayan madubi, har na saba da ita.

Ka tuna Hiske, maƙwabciyarmu mai gidan burodi? A bazara wata mota ta kaɗe 'yarta Marrit a kan keke a gaban makaranta, ƙafarta ta karye wuri biyu. Muka kafa kwamiti, aka sa ni shugaba, muka nemi a yi tudun rage gudu a titin. 'Yan sanda suka zo suka yi ta awo, daga baya aka ce mana ba a ga ana gudu a wurin ba, don haka babu buƙata. Hiske ta yi kuka a kafaɗata ranar.

Makon jiya motarta ta lalace, na ce zan kai ta da Marrit gashin ƙashi a birnin Leeuwarden. Motar Douwe na ɗauka, mun makara, na taka totur. Muna dosar makaranta sai abin ya fara ƙara. Wallahi ƙafata ce ta taka birki kafin in yi tunani. Marrit ta tambaya daga baya ko mene ne, na ce mata mai ne ya kusa ƙarewa. Ƙarya na yi wa yarinya mai sandar dogarawa a cinya, Yaya. Wata 'yar sanda da ke awon gudu a wurin ta ga yadda na ja birki, ta tsayar da ni, ta leƙo, ta miƙa hannu ta cire na'urar. Ta yi wa Hiske bayanin aikinta cikin ladabi, don ita ce ta tambaya.

Hiske ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ashe shi ya sa duk ranar da aka zo awo motoci ke tafiya kamar masu rakiyar gawa. Ta fito da 'yarta, ta ce za su jira bas. Na roƙe ta, ta ce in bar shi kawai. Na zauna ina kallon Marrit tana ɗingishi zuwa tasha.

Da na koma gida na tsare Douwe. Da farko ya ce ai tara ce kawai, za a biya. Da na matsa sai ya faɗi sauran: duk lokacin da na'urar ta yi ƙara, yakan aika wa abokansa saƙo, su kuma su yaɗa. Rabin ƙauyen nan da gargaɗinsa suke tuƙi, ni kuma ina yawo gida-gida ina neman sa hannun jama'a kan takardar neman tudun. Ya ce bai taɓa haɗa abin da ƙafar yarinyar ba. Na yarda da shi, amma a daren bai iya cin abinci ba, ni ma haka.

A taron kwamiti na miƙe na faɗi komai, na ajiye shugabanci. Ban san Douwe ya biyo ni ba sai da na ji muryarsa daga bakin ƙofa, hula a hannu, yana cewa laifinsa ne, kuma zai je ya gaya wa hukuma awon farko ba na gaskiya ba ne. Ya je. Sun ce za su sake aunawa ba tare da sanarwa ba. Abokansa biyu sun daina gaishe shi.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, da idona na ga abin na kawar da kai. Amma wadda ka yi wa ɗana Jelle alkawari idan ya samu lasisi, don Allah kada ka aiko. Har yanzu ina zuwa sayen burodi wajen Hiske kowace safiya, ko da yake zan iya zuwa wani shagon. Tana miƙo mini, tana cewa na gode, kamar baƙuwa. Zan ci gaba da zuwa har ranar da za ta sake kiran sunana.

Ka gaida Lorraine, ka sumbatar mini yaranka Hidde da Rixt. Mama da Jelle suna gaishe ku. Douwe ma, ko da yake kunya ta hana shi kiranka. Kai ka kira shi.

Ƙanwarka mai kewarka,
Tjitske