Ƙasar Sawun Marwa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Kubra Illo, haifaffiyar Lugu, mazauniyar Dogon Dutsi, wadda ta yi aikin ungozoma a asibitin haihuwa har ƙarfinta ya ƙare. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina daram, babu wanda ya sa mini magana a baki. Jikin ne kawai ya gaji. Likitan Yamai ya yi ta kewaye-kewaye a kan ciwon hantata, na ce masa ya huta, na san irin fuskar da ya yi, ni ma na sha yi wa mutane ita.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku: babbanku, ɗan farina da kunya ba ta taɓa barin in kira sunansa ba, sai Marwa, sai auta Yazid. Na ce kawunku Ɗanjuma ya karanta muku takardar nan ina zaune, kafin Marwa ta tashi. Idan aka jira sai bayan raina, babu wanda zai harare ku in kuka fara musu.

Na ɗaya. Marwa, za ki tafi. Jami'ar da ta ɗauke ki koyar da Hausa a Jamus tana jiranki, biza ta fito, to me kuma? Kin ɗauka ban gani ba. Tun da muka dawo daga Yamai kike rage kayan akwatinki a ɓoye. Kuka da daddawar da na ƙulla miki sun koma madafa, rigar sanyin kuma na gan ta a kan igiya. Kin faɗa wa Yazid za ki rubuta musu su ba wani aikin, ki zauna jinyata. Ban yarda ba. Zamanki ba zai ƙara mini kwana ba, sai dai in mutu ina kallon abin da na hana ki. Na tuna yadda kika yi ta yawo ƙauyukan Matankari a kan kabu-kabu, kina ɗaukar muryar tsofaffi, mutane suna cewa 'yar Kubra ta rasa aikin yi. A zamaninmu dukanmu ake yi in mun yi Hausa a lakwal, wato makarantar boko, yau ga shi Turawa sun aiko neman mai koya musu ita. Ina so in yi dariyar nan kafin in kwanta. Raina yana ƙuna da tafiyarki, ba zan ɓoye miki ba, amma ki mayar da kayan cikin akwati.

Na biyu. Gida da gonar Matankari a raba yadda shari'a ta ce, amma ina roƙonku kada a sayar. Yazid ya ci gaba da noma ta, shi ya san halinta. Na san babbanku zai tuna mini cewa ba a yi wa magaji wasiyya, kuma gaskiyarsa ne, don haka abin da zan ambata kyauta ce tun ina numfashi. Alƙur'anin mahaifinku na babbanku ne. Tumakin na Yazid ne, dama shi suka sani. Marwa ta ɗauki bargon saƙin kakarta, an ce sanyin can ba ya jin magana. Babu mai bina komai, sai babbar tukunyar maƙwabciyarmu Samira da ke ɗakin ajiya tun bikin Yazid. Ta daina tambaya don kunya, ku kai mata ku ba ta haƙuri.

Na uku. Gabar da ke tsakanin babba da ƙanwarsa ta ishe ni. Kai babba, ka ce bai halatta mace ta ƙetare teku babu muharrami ba. Ita kuma ta ce wanda karatunsa bai wuce wa'azin cikin waya ba ba zai yi mata fatawa ba. Tun ranar ba ka ci abin da ta dafa ba, gaisuwa ma sai ta bakin matarka Jamila. Marwa, bakinki ya yi kaifi, nawa kika ɗauko, ki durƙusa ki ba yayanki haƙuri. Kai kuma, ni ba malama ba ce, ba zan ja da kai a kan littafi ba. Amma na san ɗana. Tsoro ne ya cika ka, kana ganin in ta tafi ta tafi ke nan. Ni ma shi nake ji. Laifin tafiyar, idan akwai, ka ɗora shi a kaina, ni na umarce ta.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki alƙalami. A gidanmu na Lugu, idan mutum zai yi tafiya mai nisa, sai ya fita da ƙafar dama, wanda ya fi kusa da shi ya duƙa ya ɗebi ƙasar sawun, ya ƙulle a tsumma ya ajiye har ya dawo. Na yi wa mahaifinku duk lokacin da ya tafi cin rani. Na yi maka kai ma, babba, da ka tafi karatu Sakkwato. Da ka dawo ka tarar da ƙullin a bayan randa, ka watsar da shi a tsakar gida, ka ce shirka ce. Ban ce maka komai ba a ranar, yau zan ce. Na san ƙasa ba ta dawo da kowa, Allah ne ke dawo da mutum. Abin da uwata ta koya mini shi ne, wanda ya duƙa ya ɗiba ya ɗauki alkawarin jira. Kullum ya je shan ruwa zai ga ƙullin, ya tuna akwai nasa a waje, ya yi masa addu'a, kada ya bari a mayar da ɗakinsa wurin zuba buhuna.

Bara ka shafe mana tsakar gida da siminti, na gode, ƙafafuna sun huta. Sai dai ƙasa ta rage a bakin zaure kawai, ɗan wurin da mai aikin ya bari. Nan Marwa za ta taka ranar da za ta tafi tasha.

Ni ba zan ɗiba ba. Ba ciwon baya ne ya hana ni ba. Ban taɓa ɗaukar alkawarin da na san ba zan cika ba, kuma na san ba ni za ta tarar ba. Wannan shi ne abin da ya fi ciwon hantar yi mini zafi: yarinyata za ta fita, babu mai duƙawa a bayanta.

Nasiruddeen. Ga shi na kira sunanka, kawunka ya faɗa da ƙarfi a madadina. Ba na tilasta maka abin da zuciyarka ta ƙi, kada ka taɓa ƙasar in kana ganin zunubi ne. Alkawarin nake so ka ɗauka. Ka tsaya a bakin zauren da safen nan, ta juyo ta ga yayanta. Ɗakinta na gabas ya zauna nata, a riƙa share shi. Duk ranar da ta sauka a Dutsi, da miji ko babu, da arziki ko babu, kai za ka je tasha ka ɗauko ta.

Marwa, idan kin shiga aji ki fara musu da gaisuwa, kada ki bari su gajarta ta. Ki kira 'yan'uwanki ko ba ki da labari. Ranar da waya ta zo miki da nawa labarin, kada ki ruga filin jirgi, kin san ba a jiran kowa da gawa. Ki yi alwala, ki yi mini addu'a a inda kike, ki yi kukanki ya ishe ki, sannan ki koma wa ɗalibanki.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya sa mu cika da imani. Ku riƙe juna, kada nisa ya mayar da ku biyu. Ku uku na haifa, ku uku nake so a riƙa ƙirgawa a gidan nan, ko da ɗaya ba ta kan tabarma.

Mahaifiyarku, Kubra Illo.